Wane kamfanin gini ne ya cancanci lambar yabo ta kare lafiyar ma'aikata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin mutum biyar da ƙungiyarmu ta 'yan kwangilar gini ta kafa don fitar da kamfanin da za a karrama a kan kare lafiyar ma'aikata. Ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakaninmu shi ne kowane kamfani ya turo adadin haɗurran da suka auku a wuraren aikinsa a bara, wanda nasa ya fi ƙaranci ya karɓi lambar. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan ba, amma na kasa bayyana wa abokan aikina dalili. Yaya ya kamata mu auna su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rashin kwanciyar hankalinka yana da tushe, kuma na ji daɗi da ka yi tambayar kafin ku aika da takardun gasar. In kuka ce wanda ya fi ƙarancin haɗari shi ne gwani, to kun ba kowane kamfani hanyoyi biyu na yin nasara. Ko dai ya gyara yadda yake aiki, wanda ke cin kuɗi da lokaci, ko kuma ya daina rubuta abin da ya faru, wanda ba ya cin ko sisi. Ba sai na faɗa maka wadda mai son ganin ido zai bi ba.

Na taɓa ganin wannan da idona. Mun je duba wani wurin gini da aka kafe babban allo a bakin ƙofarsa, an rubuta yawan kwanakin da aka shafe ba tare da wani ya ji raunin da ya hana shi zuwa aiki ba. Ana sauya lambar kowace safiya, kowa na alfahari da ita. Da na leƙa ɗakin ajiyar kaya, sai na tarar da wani lebura zaune a kan buhun siminti, hannunsa na dama naɗe da bandeji, jini ya ɗan tsattsafo ta ciki. Na tambaye shi me yake yi a nan, ya ce an sa shi ƙirga ƙusoshi. Rodi ne ya yanke shi kwana uku da suka wuce. Ana kawo shi kullum ya zauna, don a rubuta ya zo aiki, kada lambar allo ta koma sifiri, kada kuma abokan aikinsa su rasa kyautar da aka yi musu alkawari a ƙarshen wata. Shi da kansa bai so a sani ba, don gudun kada 'yan'uwansa su ce shi ya jawo musu asara. Tarin rodin da ya yanke shi kuwa yana nan inda yake, bakunansa a buɗe, ana ta wucewa ta gefensa.

Wannan ba matsalar wuri ɗaya ba ce. A Amurka, hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, OSHA, ta fitar da takardar jan kunne a 2012 a kan irin kyaututtukan da ke sa ma'aikaci ya ɓoye rauninsa. Kuma ko da alkaluman gaskiya ne, ba sa nuna abin da ke tafe. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, manyan jami'ai sun ziyarci dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, kuma cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikatan saboda shekara bakwai da suka yi ba tare da raunin da ya kwantar da wani ba. A daren ranar dandalin ya yi bindiga, mutum 11 suka rasu. Ƙirga yankan yatsa da targaɗe bai gaya wa kowa halin da rijiyar take ciki ba. Haka abin yake a gini: rashin ƙananan raunuka ba ya nuna ko ramin da aka haƙa zai rufta gobe.

Ban ce ku watsar da alkaluma ba. Ku karɓe su, amma ku karɓi ma'auni, ba adadi tsurarsa ba, don haɗari biyar a kamfanin mutum dubu ba daidai yake da biyar a kamfanin mutum talatin ba. Lissafin da aka fi amfani da shi shi ne a ninka yawan raunuka sau 200,000, a raba da jimlar awannin da aka yi aiki. Wannan 200,000 ɗin awannin mutum 100 ne masu aikin awa 40 a mako har tsawon mako 50. To amma duba yadda yake yi wa ƙaramin kamfani. Mai ma'aikata 25 yana yin awa 50,000 a shekara. In mutum ɗaya ya ji rauni, ma'auninsa ya zama 4. In babu, ya zama sifiri. Babban kamfani mai ma'aikata 1,000 da ya samu rauni 20, nasa 2 ne. Ka ga ƙaramin zai iya zama na ɗaya bana, na ƙarshe baɗi, alhali bai sauya komai ba a aikinsa. Sa'a ce kawai. Saboda haka ku nemi na shekara uku a jere, ku raba gasar gida-gida gwargwadon girman kamfani da irin aikinsa, kuma ku dage a haɗa da awanni da raunukan ƙananan 'yan kwangila da leburorin da ake ɗauka na yini. Nan ne ake yawan yin rufa-rufa: a miƙa aikin da ya fi haɗari ga wani, in abu ya faru a ce ai ba ma'aikacinmu ba ne. Yarjejeniya mai lamba 167 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1988 musamman a kan aikin gini, ta ɗora wa babban ɗan kwangila nauyin daidaita matakan kariya idan kamfanoni da yawa na aiki a wuri guda. A wajena, duk wannan sashe na alkaluma bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na makin ba.

Takardu ma haka. Kamfani zai kawo muku kundin manufofi mai kauri, wataƙila har da shaidar ISO 45001, ma'aunin tsarin kula da lafiyar ma'aikata da ya fito a 2018. Abu ne mai kyau, yana nuna an zauna an tsara. Amma ku ɗauke shi a matsayin tikitin shiga gasa, ba kofin gasar ba.

Babban makin ya kamata ya fito ne daga abin da kuka gani a wurin aiki. Gani ya kori ji. Ku sa kamfani ya ba ku jerin duk wuraren da yake aiki, ku zaɓi wanda za ku je da kanku, kada kuma ku faɗi rana. In an san za ku zo, za ku tarar da hulunan kwano sababbi fil, wasu ma ba a cire musu leda ba. Ku je da sassafe lokacin da ake raba aiki, ko bayan hutun rana lokacin da gajiya ta fara sa mutane yanke hanya.

Da kun shiga, ku ɗaga kai sama tukun, don faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe magina. Bayanta akwai abin da ke faɗo wa mutum ko ya buge shi, da kamun lantarki, da maƙalewa tsakanin inji da bango ko ƙarƙashin ƙasa. A waɗannan huɗun ne aka fi rasa rai a haɗurran gini, don haka su ne za ku fi ba lokaci. Bakin bene yana da shinge? Ramukan da aka bari a dakali don bututu ko matakala an rufe su da abin da ba zai zame ba? A ƙa'idar Amurka, daga tsayin ƙafa 6, wato kusan mita 1.8, wajibi ne a kare mai aikin gini daga faɗowa. In kun ga mutum sanye da ɗamarar kariya, ku bi igiyar da ido har ƙarshenta. Sau da yawa za ku ga ba a ɗaure ta a jikin komai ba, tana lilo a bayansa, ko an ɗaure ta a jikin abin da ba zai riƙe nauyin mutum ba. Sannan ku tambaya: in ya faɗo ya rataye, wa zai sauko da shi, da me, cikin minti nawa? Rataye a ɗamara na dogon lokaci shi ma yana kisa.

Ku leƙa rami. Wanda zurfinsa ya kai ƙafa 5, kusan mita ɗaya da rabi, yana bukatar a tokare bangonsa ko a kwantar da shi gangare, kuma a janye ƙasar da aka haƙo daga bakinsa aƙalla ƙafa 2. Mutane na raina ƙasa, alhali mita ɗaya ta kowace fuska ta fi tan ɗaya nauyi. Wanda ta danne har ƙirji ba ya iya jan numfashi ko da kansa na waje. Ku duba ko an raba hanyar masu tafiya a ƙasa da ta tifa da katafila, ku duba wayoyin lantarki ko suna kwance cikin ruwa. Kada kuma ku manta da abin da ba ya zubar da jini. Mai yanka bulo ko kankare a bushe yana shaƙar ƙurar da ke daskarar da huhu, cutar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, lokacin da ya daɗe da barin kamfanin. A ƙididdigar Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta 2023, kusan mutum miliyan uku ke rasuwa duk shekara sanadin aiki, kuma mafi yawansu cuta ce ta kashe su, ba haɗari ba. Kamfanin da ke sa ruwa a bakin injin yanka ya fi wanda ya raba ƙyallen rufe hanci ya juya baya.

Wannan shi ne ma'aunin da nake so ku riƙe a kowane lungu: shin an kawar da haɗarin ne, ko an bar shi an ce ma'aikaci ya yi hattara? Wanda ya haɗa ƙarafa a ƙasa sannan ya ɗaga su da inji ya fi wanda ya kafa shinge a sama, shi kuma ya fi wanda ya raba ɗamara kawai. Hular kwano da takalmi su ne katanga ta ƙarshe, amma su aka fi ɗauka a hoto.

Daga nan sai ku keɓe da ma'aikata, ba tare da shugabansu na tsaye a kansu ba, kuma da harshen da suka fi ji. Ku nemi sabon zuwa da ɗan aikin yini, kada ku tsaya ga wanda aka zaɓo muku. Tambayoyin ba su da wuya. Me aka nuna maka ranar da ka fara? Wane abu ne zai iya kashe ka a aikin da kake yi yau? Ka taɓa ganin an tsayar da aiki saboda haɗari, kuma me ya samu wanda ya tsayar? Wannan ta ƙarshe ita ce na fi ji da ita. Yarjejeniyar 1988 ɗin nan ta ba ma'aikaci 'yancin janye jikinsa daga babban haɗarin da ke gabansa, amma 'yancin da kowa ke tsoron amfani da shi don gudun kora, a takarda kaɗai yake.

Akwai littafi guda da za ku nema, wanda ake rubuta abubuwan da aka tsallake rijiya da baya: guduma ta faɗo daga hawa na uku ba ta samu kowa ba, tsani ya zame mutum ya kama ƙarfe. Abokan aikinka za su yi mamaki, amma a nan wanda littafinsa ya cika shi ya fi. Babu wurin ginin da irin waɗannan ba sa faruwa. Littafin da ba komai a cikinsa yana nufin mutane sun yi shiru ne. Ku zaɓi rahoto uku ku bi sawunsu: wa ya kawo, yaushe aka gyara, ina gyaran yake mu gani? In rahoton binciken haɗari ya ƙare da cewa sakacin ma'aikaci ne, an ja masa kunne, to ba a yi bincike ba. A tambayi me ya sa yake sauri, wa ya ba shi tsanin da ya lalace, wa ya tsara a gama aikin mako biyu cikin kwana tara. Amsar kan kai mutum ofishin manaja, shi ya sa ake gudunta.

Game da karramawar kanta, ku kafa sharuɗɗa tun farko. Kamfanin da aka rasa rai a wurin aikinsa cikin shekarar, ko da na ƙaramin ɗan kwangilarsa ne, ya dakata sai wata shekara. Wanda aka kama ya ɓoye rauni a cire shi, in ma ya riga ya karɓa a janye. Tunda ku ma 'yan kwangila ne, duk wanda ke da alaƙa da wani kamfani ya fita lokacin da ake ba shi maki, kuma ku jawo mutum ɗaya ko biyu daga waje, har da wakilin ma'aikata. Lambar ta ɗauki shekararta a jiki, kada a yi ta tallata ta har abada. Shirin karramawa na VPP da OSHA ta fara a 1982 ma yana komawa ya sake duba waɗanda ya karrama bayan shekara uku zuwa biyar.

Ranar bikin, ku faɗi ainihin abin da kamfanin ya yi dalla-dalla yadda sauran za su iya kwaikwaya, ku kuma kira shugaban leburori da birkilan da ya tsayar da aiki su hau mumbari tare da mai kamfanin. Waɗanda ba su yi nasara ba, ku rubuta wa kowannensu abin da kuka gani a wurinsa a asirce. In kuma a ziyararku kun ga mutum cikin ramin da ba a tokare ba, kada ku jira ranar haɗa maki. Ku sa a fito da shi nan take.