Hajiya, dakata da biyan kuɗin RSS ɗin nan tukuna

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina shirya baje-koli na mata 'yan kasuwa a Kaduna, wani lokacin kuma horaswa kan haɗa turare da sabulu. Yaron da ya yi min shafin intanet ya ce in ƙara masa kuɗi ya saka min RSS, wai shi zai riƙa yaɗa sanarwar taro da kansa. In biya?

Wa alaikumus salam Hajiya. Toh ki fara tambayarsa da me ya gina shafin, in WordPress ne, manhajar gina shafukan intanet, to RSS, wato jerin sababbin abubuwan da kika wallafa a shafin, yana ciki tun ranar da aka kunna shi, kyauta. Ki rubuta adireshin shafinki ki ƙara /feed a ƙarshe, za ki ga wani rubutu a cunkushe, shi ne.

Abin ya tsufa fa, tun 1999 kamfanin Netscape ya fito da shi. Aikinsa duk sanda kika saka sabon abu ya jera kanun da adireshin da ranar wallafawa, sai wata manhaja ta zo ta kwasa. Kwastomominki ba za su zauna karanta shi ba, Google ma ta rufe Google Reader, manhajarta ta karanta RSS, tun 2013, mutanenki suna WhatsApp da Instagram. Inda zai miki rana shi ne a haɗa shi da IFTTT ko Zapier, masu haɗa wata manhaja da wata, ya riƙa tura sanarwa tashar Telegram ko shafinki na Facebook, ko manhajar Mailchimp ta aika wa masu kama rumfa imel.

Amma ga inda ake yin asara, kuma shi ya fi damuna. RSS ranar da kika wallafa ya sani, bai san ranar taro ba. Kin sanar da baje-kolin Disamba tun Oktoba, kika bi shi da hotuna da tallace-tallace, WordPress kuma guda 10 na ƙarshe yake nunawa in ba a canza ba, kafin ranar ta zo sanarwar ta nutse alhali lokacin ne kike neman jama'a. Haka in aka ga wata Sallah ta motsa kika gyara rana a tsohuwar sanarwa, yawancin manhajojin ba za su sake turawa ba don a wurinsu tsohon labari ne, mai kaya ta yi lodin atamfa da humra daga Zariya ta tarar da ɗakin taro a rufe. Don haka rana da wuri su shiga cikin kanun kansa, in an ɗaga taro kuma sabuwar sanarwa za ki yi.

Abin da aka ƙera don taro shi ne iCalendar, wato fayil ɗin .ics, yana ɗauke da lokacin farawa da na tashi da wurin, mutum ya danna ya shige kalandar wayarsa. The Events Calendar, wani ƙari da ake saka wa WordPress, yana bayar da shi kyauta. Ki tabbata ya saita agogon shafin a kan Legas, in ya bar shi a UTC, wato agogon duniya, za a iya samun bambancin awa ɗaya. Google Calendar kuma yana iya kwana bai ɗauko gyara ba, canjin gaggawa ki tura shi a WhatsApp da hannunki.

Wannan haɗin ne ya cancanci ladan aikinsa, biya ɗaya ba na wata-wata ba. Ki ba shi rabi, ya saka taron gwaji, ki ga ya faɗo Telegram ya kuma shiga kalandar wayarki da lokaci daidai, sannan ki cika masa.