Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Gadar Sama Karyewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 9 ya tsare ni da tambaya ranar da muka bi ta ƙarƙashin gadar sama ta Ƙofar Nassarawa a adaidaita sahu. Wai me ya hana ta karyewa, ga manyan motoci a kanta, kuma tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi babu abin da ya tokare ta? Na ce masa ikon Allah ne. Ya ce ya sani, amma ta yaya? Ni kuwa ban yi kimiyya a makaranta ba. Me zan faɗa masa? (Daga wata uwa a Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Amsarki gaskiya ce, shi ma yaron bai kauce hanya ba, domin Allah ya sanya wa kowane abu sababi, sababin yake nema. Shawarata, kada ki yi masa bayani tukuna. Ki fara ba shi abin da zai taɓa da hannunsa.

Ki samo guntun soson katifa, ki zana layuka a tsaye a gefensa da biro. Ki ɗora shi a kan gwangwanayen madara biyu, ki ce ya danna tsakiya da yatsa, sannan ki tambaye shi me ya gani. Zai ga layukan sun matso juna ta sama, sun buɗe ta ƙasa. To abin da ke samun gada ke nan duk sanda mota ta hau ta: samanta na matsuwa, ƙasanta kuma ana jan sa. Kankare gwani ne wajen jure danni, amma in ja ne rago ne, ƙarfinsa a nan kusan kashi 1 cikin 10 ne kawai. Shi ya sa ake saka masa rodi a inda ake jan. In kun ga inda ake gini a unguwarku, ki roƙi magini ya nuna masa rodin da aka ɗaure kafin a zuba kankare.

Sai ki yago falle ɗaya daga tsohon littafinsa, ki shimfiɗa tsakanin gwangwanayen. Ko dabino ɗaya ba zai riƙe ba. Ki sa ya ninka takardar gaba da baya har ta yi tudu da kwari kamar kunyoyin gona, ya sake gwadawa, ya ƙirga dabino nawa ta ɗauka. Takardar ita ce dai, siffarta kawai aka canza. Daga nan ki tambaye shi ina ya taɓa ganin wannan siffa, ki yi shiru. Kwanon rufi yana saman kansa, amma ki bar shi ya gano. Lokacin da nake koyar da 'yan aji biyar na firamare, wata yarinya sai da ta kwana biyu, sannan ta zo da gudu riƙe da yagaggen kwalin taliya tana nuna mini cikinsa. Wanda na ba ta a allo ta manta, wannan kuwa ba na jin ta manta.

In kuka sake hawa gadar, ki ce ya kasa kunne, zai ji taya ta yi ƙara a kan wani layi da ya ratsa titin. Tsaga ce da aka bari da gangan, ba kuskuren ɗan kwangila ba ne. Zafi na sa ƙarfe da kankare su miƙe. Gada mai tsawon mita 100, in zafi ya ƙaru da digiri 30, kusan abin da ke tsakanin asubar hunturu da tsakar ranar bazara a Kano, takan ƙara wajen santimita 3 da rabi. Da ba a bar mata wurin miƙewa ba, da ta tsage. Abin da ni yake burge ni shi ne, rodi da kankare miƙewarsu kusan ɗaya ce, shi ya sa zamansu ya ɗore.

Kada kuma ya ɗauka dabarar daga Turai kaɗai ta zo. Maginanmu sun daɗe suna saka azarar giginya a cikin ginin ƙasa, saboda ƙarfinta da kuma gara ba ta cika cin ta ba. Aikin da rodi ke yi wa kankare, shi azara ke yi wa laka. Da ita ake ɗaura bakan gizo a soro: a jera azara daga bangon nan da na can, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya har su haɗu a sama, sannan a yaɓe. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. In akwai tsohon soro a danginku cikin birni, ki kai shi ya ɗaga kai ya kalla.

Ki shirya, domin na san tambayar da za ta biyo baya: me ya hana ginshiƙan nutsewa cikin ƙasa? Ki cika roba da yashi, ya danna fensir a ciki, sannan ya danna murfin kwano da ƙarfi iri ɗaya, ya ga wanne ya nutse, mai tsini ko mai faɗin gindi.