Me Ya Haɗa "Enryo" da Shan Taba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina koyon Japananci a waya. An fassara mini kalmar enryo da "kunya". To ran nan na hau wata Hiace 'yar Kwatano zuwa Daura, sai na ga tsohuwar takarda manne a gilashi: kitsuen wa go-enryo kudasai. Kitsuen dai na san shan taba ne. Ina ruwan kunya da taba? Ɗalibinka daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara basira. Wanda ya ce maka kunya bai yi ƙarya ba, ya dai rage maka hanya ne. Kunyar da ke sa mutum ya sunkuyar da kai hazukashii ake ce mata. Ni da kara nake fassara enryo. Ka tuna baƙon da za a ajiye wa tuwo ya ce "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake", alhali rabonsa da abinci tun karin kumallo. Abin yana ransa, ya danne don kada ya ɗora wa masu gida nauyi.

Haruffa biyu ne, 遠慮: na farko nisa, na biyu tunani. Daga Sinanci ta zo, kuma asalinta hangen nesa take nufi. A Japan, a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, har sunan wani ƙaramin horo ne, inda ake sa samurai, wato mayaƙin Japan na da, ya kulle ƙofarsa ya zauna a gida.

Takardar motar nan kuwa cewa take "a daure a bar shan taba". Nan ne nake so ka buɗe kunne, don nan ɗalibai suke faɗawa rami. Lafazin roƙo ne, amma hani ne. Kamar dattijo ya ce maka "da dai ka bari": ai ba zaɓi ya ba ka ba.

Idan mai gida ya ce enryo naku dōzo, cewa ya yi saki jikinka, nan ma gida ne. In kai ne za ka ƙi tayi cikin ladabi, ka ce enryo shite okimasu.

Wadda ta fi burge ni ta mutanen birnin Osaka ce. Yankan ƙarshe da ya rage a faranti, kowa na kallo ba mai miƙa hannu, enryo no katamari suke kiransa, wato dunƙulen kara. A majalisarmu in an sayo tsire, wannan yankan sai an kira yaro an ba shi.