Me ya sa kwalbar giyar inabi guda take fin gida tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin kimiyyar abinci, kuma ba na shan giya, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai a kanta. Na karanta cewa an taɓa sayar da kwalba guda ta giyar inabi ta Faransa a kan kuɗin da ya haura dala rabin miliyan, sannan na ga masu ɗanɗana ta suna cewa suna jin ƙanshin masoro, ko na lemo, ko na hayaƙi, alhali inabi kaɗai aka matse. Shin akwai ilimi a cikin wannan magana, ko kuwa dabara ce ta masu sayarwa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hukuncin giya a addini sananne ne ga kowa, kai ma ka faɗi matsayinka, saboda haka zan tsaya a kan ɓangaren da ka tambaya, wato noma da sarrafawa da kasuwa. Labarin da ka karanta gaskiya ne. A watan Oktoba na 2018, gidan gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da kwalba guda ta Romanée-Conti, wadda aka yi a 1945, a kan dala 558,000. A ganina akwai ilimi na gaske a cikin ɗanɗanon, akwai kuma wahala ta gaske a cikin aikin, amma daga inda farashi ya wuce wani mataki, abin da mai saye yake biya suna ne da ƙarancin kaya, ba abin da harshe zai iya ji ba.

Asalin aikin bai da wuyar fahimta, domin duk wanda ya taɓa barin kullun fanke ya tashi ya ga rabinsa. Nunannen inabi yana ɗauke da sukari mai yawa, kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na ruwansa, kuma idan aka matse shi aka bar yisti ya shiga, yistin zai cinye sukarin ya fitar da abu biyu: sinadarin barasa da iskar da ke sa kumfa. Nakan nuna wa ɗalibai wannan da kwalba ɗaya ta ruwan inabi da balan-balan a ɗaure a bakinta. Da safe balan-balan ɗin yana kwance, kafin la'asar ya miƙe ya cika, ruwan ya yi duhu-duhu yana tafasa a hankali ba tare da wuta ba, ɗakin kuma ya ɗauki warin gidan burodi. Masanin kimiyya Bafaranshe Louis Pasteur ne ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa halitta mai rai ce ke yin wannan aiki. Yawancin giyar inabi tana tsayawa ne tsakanin kashi 12 da 15 cikin ɗari na barasa, saboda ko dai sukarin ya ƙare, ko kuma barasar ta yi wa yistin kansa yawa. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai: a ƙasar Jojiya an tono tukwane masu alamar giyar inabi na wajen shekara 8,000 da suka wuce, kuma har yau mutanen can suna binne manyan randunan ƙasa da suke kira kwebri su tsima inabi a ciki.

Bambancin ja da fara yana cikin ɓawo. Ruwan da ke cikin yawancin inabi, har da baƙin, ba shi da launi sosai, don haka mai son farar giya yakan matse ya zubar da ɓawon nan take, mai son ja kuma yakan bar ruwan ya tsimu tare da ɓawo da 'ya'yan ciki na kwanaki ko makonni. Daga ɓawon ne launi yake fitowa, tare da wani sinadari mai suna tanin, wanda shi ne ke kawo bauri, irin wanda kake ji a baki idan ka tauna goro ko ka sha shayi mai ƙarfi ba madara. Wannan bauri yana da muhimmanci ga tambayarka, domin shi da tsami su ne ke ba giya damar daɗewa a kwalba shekara talatin ko hamsin ba ta lalace ba, kuma a cikin waɗannan shekaru baurin yana laushi, ƙanshin yana sauyawa. Mafi yawan giyar da ake yi a duniya ba a yi ta don ajiya ba, kuma idan ta daɗe lalacewa take yi. Kaɗan ce ke ƙaruwa da tsufa, ita ce kuma ake gwanjonta.

Maganar masoro da lemo da hayaƙi ba ƙarya ba ce, ko da yake masu rubutu a kan giya sukan zuzuta ta fiye da kima. Ba a zuba waɗannan abubuwa a ciki, sai dai sinadaran da ke ba su ƙanshinsu suna nan a cikin inabin, ko kuma suna samuwa a lokacin tsimi. Inabin Syrah na kwarin kogin Rhône a Faransa yana ɗauke da sinadarin rotundon, wanda shi ne ainihin abin da ke cikin masoro, kuma wani kaso na mutane hancinsu ba ya jin sa ko kaɗan, abin da ke nuna maka cewa mutum biyu za su iya shinshinar kofi ɗaya kowa ya faɗi gaskiyarsa su saɓa. Inabin Sauvignon Blanc na yankin Marlborough a New Zealand yana da ƙanshin ɗanyen tattasai saboda sinadaran firazin, irin waɗanda ke cikin koren tattasai. Ruwan inabin Riesling na bakin kogin Mosel a Jamus, wanda ake nomawa a kan gangaren duwatsu masu tsayi inda sai da hannu ake girbi, idan ya tsufa yakan yi wani wari mai kama da na kananzir, masu son sa kuma suna ɗaukar hakan alamar inganci. Sannan akwai abin da mai sarrafawa ke ƙarawa da dabararsa. Idan ya zuba giya a gangar itacen ok, wadda a yankin Bordeaux na Faransa take cin lita 225, kuma an babbake cikinta da wuta kafin a rufe ta, giyar za ta ɗauki ƙanshin banila da na hayaƙi daga itacen. Idan ya bar wasu ƙwayoyin bakteriya suka juya tsamin inabi mai kaifi zuwa tsami irin na nono, sai giyar ta yi laushi, wani lokaci har da ƙanshin man shanu.

Wasu shahararrun giya sunansu ya samo asali ne daga wata hanya ta musamman mai cin lokaci da kuɗi. Champagne, giya mai kumfa ta Faransa, ana tsima ta sau biyu, na biyun a cikin kwalbar da aka toshe, ta yadda iskar ba ta da wurin fita sai ta narke a ciki, har matsin da ke cikin kwalbar ya kai kusan ninki uku na iskar tayar mota, kuma doka ta hana a fitar da ita kasuwa kafin ta yi wata 15. A Sauternes, kudu da birnin Bordeaux, hazon safiya da ke tashi inda ƙaramin kogin Ciron ya haɗu da Garonne yana kawo wata funfuna da ke huda ɓawon inabi ta busar da shi a kan kurangarsa, sukari ya taru. A gonar Château d'Yquem masu girbi sukan zagaya sau da dama suna tsintar 'ya'yan da funfunar ta kama ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai shekarun da gidan yake ƙin fitar da giya da sunansa gaba ɗaya idan bai gamsu da amfanin ba, kamar yadda ya yi a 2012.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne ƙasar noma. Faransawa suna da kalmar terroir, wadda ta haɗa irin ƙasa da gangara da rana da ruwan sama da al'adar manoman wuri, kuma wanda ya san yadda 'yan kasuwa ke bambanta albasar Galmi da sauran albasa ba zai yi mamakin wannan tunani ba. A yankin Burgundy na Faransa, malaman coci na zamanin da, musamman 'yan ɗariƙar Cîteaux da aka kafa a 1098, sun shafe ƙarnoni suna lura da wane yanki na tudu ke ba da wane irin amfani, suna kewaye shi da katangar dutse. Yau akwai irin waɗannan filaye masu suna 1,247, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Romanée-Conti ɗaya ce daga cikinsu, a ƙauyen Vosne-Romanée, kuma girmanta duka hekta 1.8 ne, wato ba ta kai filin ƙwallo uku ba. Gajeriyar katanga ce da gicciyen dutse a gefenta, inabin Pinot Noir kaɗai ake shukawa, da doki ake huɗa don kada nauyin tarakta ya danne ƙasa, kuma abin da take fitarwa a shekara bai wuce kwalba dubu biyar zuwa shida ba, ga attajiran duniya baki ɗaya suna nema.

Ita kwalbar 1945 tana da ƙarin dalili. A shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwar inabi, ya hallaka mafi yawan gonakin Faransa, kuma maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda manoma ke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa. Romanée-Conti ta ƙi yin haka ta riƙe tsofaffin kurangunta har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suka raunana har girbin 1945 ya ba da kwalba 600 kacal. Bayan wannan girbi aka tumɓuke su, aka sake shuka masu aure, gonar ba ta ƙara fitar da giya ba sai 1952. Wanda ya biya dala 558,000 ya sayi ɗaya daga cikin ragowar abin da ba za a sake yin irinsa ba, kamar mai sayen tsohon zane ko tsohon rubutun hannu.

Hukuma ma ta taimaka wajen kafa sunaye. A 1855, don bajekolin Paris na zamanin Napoleon na Uku, dillalan Bordeaux suka jera gidajen giya daraja-daraja bisa farashin da ake sayensu, Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion suka zo a sahun farko, kuma tun daga nan babban sauyin da aka yi shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa wannan sahu a 1973. Daga 1935 kuma Faransa ta kafa tsarin da ke kare sunan yanki, ya ƙayyade irin inabin da za a shuka da yawan abin da za a girba a kowace hekta.

To, shin harshe yana bin waɗannan darajoji? A watan Mayu na 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa a Paris ya ba su giyar Faransa da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalaben ba, sai Chateau Montelena ta zo ta ɗaya a fara, Stag's Leap Wine Cellars ta zo ta ɗaya a ja, dukansu na Amurka. Wannan ya buɗe ido ga abin da ake yi a wasu wurare, irin giyar inabin Malbec na Mendoza a gindin duwatsun Andes na Ajantina, da giyar Afirka ta Kudu, inda aka fara matsa tun 1659, aka kuma haɗa sabon iri mai suna Pinotage a 1925. Wani gwaji da aka buga a 2001 daga Jami'ar Bordeaux ya fi wannan ban mamaki: an rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano aka ba ɗalibai 54 masu nazarin giya, sai suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Ni wannan gwaji ba ya nuna mini cewa ɗanɗano ƙarya ne, yana nuna cewa ido da suna suna rigan harshe yanke hukunci, abin da duk mai aikin gwajin abinci ya sani, shi ya sa muke ɓoye suna da launi idan muna son amsa ta gaskiya.

Inda suna ya yi tsada haka, jabu ba ya nisa. Rudy Kurniawan, ɗan ƙasar Indunusiya da ke zaune a Kalifoniya, ya shafe shekaru yana sayar wa manyan masu tara giya kwalaben da ya haɗa da hannunsa, suna sha suna yabawa. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008, da ya kai gwanjo kwalaben giyar Clos Saint-Denis ta gidan Ponsot na Faransa masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giya ba sai 1982, har mai gidan, Laurent Ponsot, ya taso daga Faransa zuwa New York ya sa aka janye su. Da jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, suka shiga gidansa a watan Maris na 2012, sun tarar da dubban takardun mannawa na jabu da marufan kwalabe da tsofaffin kwalabe ana jiƙa su a wurin wanke-wanke don ɓare tambarinsu. A 2014 kotu ta ɗaure shi shekara goma, daga baya aka mayar da shi ƙasarsa a 2021.