Bakteriya ba hanci ba ido, ta yaya take gano abinci?

Tambaya: Malam barka da aiki. Wai da gaske bakteriya na gane inda abinci yake har ta nufe shi? Abin ya ɗaure min kai wallahi. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Da gaske ne ƙanwata. Ɗauki wata bakteriya mai suna E. coli, a ƙarshen jikinta akwai tarin furotin masu shinshina, ɗaya mai suna Tar na jin sinadarin aspatet, wani mai suna Tsr kuma sinadarin serin, tun 1969 masanin kimiyya Julius Adler ya nuna ba sai ta ci abu take jin sa ba. Tafiyarta, ta miƙe kamar daƙiƙa 1 sai ta wuntsila ta canza hanya. In sinadarin ya maƙale a mashinshinin sai wani furotin na cikinta mai suna CheA ya lafa, shi ne ke kunna furotin CheY mai sa ta wuntsilawa, sai kunnannen CheY ya ragu, shi ke nan ta ci gaba da miƙewa.

Amma inda abin ya fi burge ni shi ne sabo. Kin san in kin shiga ɗaki mai turare, an jima kaɗan kin daina ji? To wani furotin mai suna CheR kullum yana liƙa wa mashinshinin ɗan guntun sinadari da ake kira metil a hankali, wani mai suna CheB kuma yana cirewa, amma CheB sai CheA ya kunna shi, to da CheA ya lafa liƙawa ta rinjayi cirewa, metil ya taru, CheA ya farfaɗo duk da sinadarin na nan. Yawan metil ɗin ne ke riƙe mata yadda wurin yake daƙiƙu kaɗan baya, da shi take auna ko ƙanshin na ƙaruwa ko raguwa.