Amsa ga mai son zuwa Gana karatun kare tsuntsayen kurmi

Ƙanena, ka ce ka gama digiri a fannin dabbobi, kana so ka taho Gana ka yi na biyu a kan tsuntsayen da ke neman ƙarewa, kuma kana tambayar ta ina za ka fara. Ka fara da kunnenka.

A dajin Arewa tsuntsu ganinsa ake yi. A kurmin kudancin Gana bishiyoyi sun rufe sama, yawancin abin da za ka rubuta a takardar ƙidaya da kukansa za ka gane shi. Yadda ake ƙidayar: a kafa tashoshi, tsakaninsu aƙalla mita 200 don kada a lissafa tsuntsu ɗaya sau biyu, a tsaya minti 10 a kowace, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10 na safe. Wanda bai san kuka ba zai dawo da rabin takarda, ya ce daji ya mutu alhali yana raye. Shafin xeno-canto yana da koke-koken kyauta. Ka sauke na yammacin Afirka, ka riƙa saurare tun kana gida.

Tarkon raga kuma, wanda ake kafawa don kama tsuntsu a duba shi a sake shi, amana ce. Ana zagaya shi duk rabin awa, ana naɗe shi da zarar hadari ya taso, domin jiƙaƙƙen tsuntsu sanyi ke kashe shi. Kwarkwasa ma kan auka wa wanda ya maƙale a layin ƙasa, shi ya sa ake duba wurin kafin a kafa. Madubin hangen nesa 8x42 ya isa, amma ka ajiye shi cikin gwangwani da hodar tsotse laima, in ba haka ba gilashin zai yi fumfuna.

Batun bincike yana nan birjik. Akwai Picathartes, tsuntsu mai sanƙon kai ruwan ɗorawa, wanda ke gina sheƙar laka a jikin manyan duwatsu cikin kurmi, ya yi ƙwai ɗaya ko biyu. An yi shekaru ba a gan shi a Gana ba sai 2003. Yanzu mutanen ƙauyen Bonkro a yankin Ashanti ne ke gadin duwatsunsa, suna raka baƙi da yamma, ƙauyen na samun kuɗi. Ni a ganina nan ne darasin yake: dutsen ba ya zuwa ko'ina, amma in aka sare bishiyoyin da ke masa inuwa don katako ko gonar koko, tsuntsun ya tashi ke nan. Sai aku, wanda muka saba gani a keji. Wani bincike da ya fito a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun 1992, saboda kamu da sare manyan bishiyoyin da yake sheƙa a kogonsu. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ga kuma haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamsey, da ke cinye bakin rafuka, da shirin haƙar bauxite, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, a dajin Atewa.

Makarantu: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) a Kumasi, Jami'ar Cape Coast, da Jami'ar Gana a Legon duk suna da sashen da ya dace. Ka nemi malamin da zai duba aikinka kafin ka cika fam. Baƙo da dala yake biyan kuɗin makaranta, ko da ɗan ECOWAS ne. Kwana 90 kake da su ba biza, bayan nan sai takardar zama, kuma ka riƙe katin rigakafin shawara. Shiga gandun daji da sunan bincike sai da izinin Hukumar Gandun Daji, ka nema da wuri don yana ɗaukar lokaci.

Kada ka taho da zaton aiki na jiranka. Ƙungiyoyi irin su Ghana Wildlife Society da A Rocha Ghana guraben su kaɗan ne, 'yan ƙasa ma layi suke. In aljihu bai kai ba, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana koyar da digiri na biyu a wannan fanni tare da Jami'ar Jos. Ka yi a can, ka nemi ƙaramin tallafi daga gidauniyar Rufford ko ƙungiyar African Bird Club, sannan ka shigo Gana da aikinka a hannu. Masauki a zangon Kumasi ba zai gagare ka ba.