Yaya, ga yadda muke karɓar baƙo a Bankok

Yaya, ka tambaye ni yadda Musulmi ke zama a garin mabiya addinin Buda, da inda muke kai baƙo in ya sauka.

'Yan gari Krung Thep suke kiran birnin. Tun 1782 yake hedkwatar Tailan, kogin Chao Phraya ya ratsa ta cikinsa. Mu kuwa fatauci ya zaunar da mu: wasu na sarin tufafi a Pratunam, wasu na harkar duwatsu masu daraja a wajajen Silom. Shi ya sa ba ma fara wa baƙo da yawon buɗe ido. Sai ya ci ya ƙoshi a layin Larabawa da ke Nana, mun koya masa gane tambarin halal a jikin kaya, ranar Juma'a kuma mu tafi masallacin Haroon a Bang Rak. Tsohon masallaci ne a lungu, ga maƙabarta a gefensa. Nan hankalin baƙo ke kwanciya, in ya ga 'yan ƙasar a sahu ɗaya da shi.

Bayan nan sai jirgin ruwa. Da 'yan kuɗi kaɗan za ka ga hasumiyar Wat Arun da fadar sarki daga kan kogi, kuma a ganina babu kallon da ya kai wannan da yamma. Shiga wuraren ibadarsu kam mun sha bamban. Wani zai shiga Wat Pho ya ga mutum-mutumin Buda a kishingiɗe, mita 46, ya yaba aikin hannu; wani ya jira a waje. Ba ma takura kowa. A fadar sarki ba a shiga da gajeren wando, amma kaftani ba ya samun matsala.

Abin da muke jaddada wa baƙo shi ne harshe. Aibata sarki laifi ne da ke kai mutum kurkuku har shekara 15. Ɗaga murya kuma zubar da mutunci ne a wurinsu, don haka cinikin Kantin Kwari a bar shi gida. Da murmushi ake neman ragi, ko a kasuwar Chatuchak ta Asabar da Lahadi. Kada ka shafa kan yaron wani, kada ka nuna abu da ƙafa.

In za ka zo a watan Afrilu, ka yi shiri. Zafi ya kai zafi, sannan daga 13 zuwa 15 ake bikin Songkran, kowa na watsa wa kowa ruwa a titi. Ka sa fasfo da waya a leda.